Jar Wayar Urmas

Ƙarfe uku da kwata waya ta yi ƙara.
Ba mutum ba ne, Kask ce.
Leelo ta ja bargo ta juya wa fitila baya,
ta daɗe da sanin wannan kukan ba na gidanmu ba ne.

Su uku ne a ƙuryar ofis, bayan kicin:
Kask, da Tamm, da tsohuwa Kuusk,
manyan kwamfutocin da Urmas ya raɗa wa sunayen itatuwa
kafin ya ajiye aiki ya koma kiwon zuma.
Ya bar mini makulli, da littafi mai tabon kofi,
da 'yar takarda manne a jikin ƙarfe:
"Kada ka cire jar wayar nan. Kada ka tambaye ni dalili."
Shekara shida ban cire ba.

Na taka dusar ƙanƙara har gadar Emajõgi.
Kogin ya daskare, ya yi tsit kamar wanda ake bi bashi.
Tartu na barci.
Mai gasa burodin ƙasan benenmu kaɗai
ya ɗago mini hannu, fulawa har gwiwa.
Ni da shi sana'armu ɗaya:
abin da za a ci da safe
ba tare da an tambayi wanda ya kwana a kansa ba.

A ciki, fankoki na huci.
Korayen fitilu a jere, ɗaya ta yi ja
kamar idon da ya sha kuka.
Faifai ya mutu.
A cikinsa akwai albashin mutum goma sha ɗaya,
da aikin wata takwas,
da hoton karen Heiki, wanda na ce masa sau uku
ba nan ake ajiye shi ba.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.
Kowace Juma'a, in sun tafi shan giyarsu,
ni nakan zauna in gwada ajiyar kwafi,
su ce Joosep ba ya son mutane.
Yau ga ranarta.

Na zare mataccen, na zura sabo.
Kashi huɗu cikin ɗari.
Kashi tara.
Ya tsaya a talatin da ɗaya
har na ji bugun jinina a kunne,
har na fara tsara abin da zan ce wa Maarika,
har na tuna ƙudan zuman Urmas
na ji kamar in bi shi.
Sai talatin da biyu.

Gari bai waye ba, nan ba ya wayewa da wuri,
amma agogo ya ce takwas.
Suka shigo suna karkaɗe takalma.
Heiki ya manta kalmar sirrinsa,
wadda ya zaɓa jiya da bakinsa.
Maarika ta ce firinta na cin takarda,
kuma tunda ina tsaye, ko zan duba butar shayi?
Taavi, sabon yaro, mai hannu kamar walƙiya a kan madannai,
ya dube ni da idon tausayi:
"Nan ai komai ba ya lalacewa.
Ba ka gajiya da zama haka?"

Na buɗe baki.
Na rufe.
Gishiri ba ya shela a cikin miya,
sai ran da babu shi ake kiran sunansa.

Na ce, "Ina gajiya."
Na gyara butar.

Da zan sauka, mai burodi ya miƙo mini baƙi guda, da ɗuminsa,
bai ce komai ba, ban ce komai ba.
Na cusa shi cikin kwat, a kan ƙirji.
A sama fitilu duk sun koma kore,
jar wayar kuma tana nan inda take,
tana riƙe da wani abu
da har yau ban san ko mene ne ba.